Sharhi: Wa ke haɗa ƴan dambe, wa ke raba su?

 

Tun ƙarshen watan Disamban 2025 wani guntun bidiyo ke yawo a wayoyin samari, daga wannan fada zuwa waccan. Anthony Joshua ne, ɗan damben zamani na Ingila wanda asalin danginsa Shagamu ce ta jahar Ogun a Najeriya, ya kwantar da wani Ba'amurke mai suna Jake Paul a turmi na shida, a birnin Miami, ranar 19 ga watan. Paul ya tashi da karyayyen muƙamuƙi. Kwana goma bayan haka Joshua ya yi hatsarin mota a hanyar Legas zuwa Ibadan, abokansa biyu suka rasu, shi ya tsira da rauni. Muna yi wa iyalansu ta'aziyya.

To amma in ka zauna wurin masu shayi, tambayar da ke yawan fitowa ita ce: shi wanga Jake Paul ɗin wane ne? A YouTube ya yi suna kafin ya san fagen dambe. Yaya aka yi mutumin da ya riƙe kambun duniya har sau biyu ya ƙare da dukan mai wasan bidiyo, alhali shekara da shekaru duniya na roƙon ya haɗu da Deontay Wilder ko Tyson Fury, har 2025 ta ƙare ba a ga ko ɗaya ba? Wasu sun ce tsoro ne. Mu dai a ganinmu, mutumin da sana'arsa ita ce shan naushi, tsoro ba shi ne babban abin da ke riƙe shi ba. A duba aljihun masu shirya wasa.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen kuwa, irin kuɗin da suka mai da damben Turawa haka sun fara leƙowa damben gargajiya, wanda yaranmu ke shiga in sun tafi ci-rani Najeriya. Kokowarmu ma ba nesa take da abin ba.

Sifiri shi ne jari

A damben zamani kowane ɗan dambe yana yawo da lissafinsa kamar katin ɗan ƙasa: sau nawa ya ci, sau nawa aka ci shi, sau nawa aka tashi canjaras. In aka ce wane ya ci 20, ba a taɓa cinsa ba, an gama yi masa talla. Wannan sifirin shi ake sayar wa gidajen tele da masu sayen tikiti. Ranar da sifiri ya koma 1, farashi ya faɗi.

Mai shirya wasa ɗan kasuwa ne. Shi ke ɗaukar yaro tun yana sabon shiga, su sa hannu kan kwantiragi na shekaru, ya kama hayar zaure, ya biya abokin karawa, ya biya talla. Shekarun farko galibi hasara yake yi. Ribarsa tana can gaba, ranar da yaron zai cika filin ƙwallo da ƴan kallo. Ku ɗauke shi kamar mai kiwon ragon layya. Wanda ya yi wata tara yana zuba dusa da harawa, ba zai saki ragonsa ya yi karo da na maƙwabci ana saura mako biyu Sallah ba. In ƙaho ya karye, wa zai biya?

Shi ya sa kowane babban kamfanin dambe yake da ma'aikaci wanda aikinsa kawai zaɓen abokin karawa. Wanda yake nema shi ne mai ɗan ba yaron wahala, ya koya masa wani abu, amma ba zai iya kayar da shi ba. Ko dai tsohon gwani da ƙafa ta fara mutuwa, ko mai ƙaramin jiki da aka sa ya ƙara nauyi, ko baƙon da aka kira ana saura kwana biyar bai shirya ba. A Turai har sana'a ce mai zaman kanta, ta mutanen da ake haya don a ci su. Wani ɗan Ingila, Peter Buckley, ya yi dambe 300 kafin ya aje a 2008, an ci shi a 256. Ba wai bai iya ba ne. Ya san yadda zai kare kansa ya kai ƙarshen wasa lafiya, ya karɓi kuɗinsa, ya dawo wani mako.

Ku dubi Wilder. Kafin ya nemi kambun duniya a Janairun 2015 ya yi dambe 32, duka 32 ya gama da abokan karawarsa kafin cikar lokaci. Lissafi mai ban tsoro ke nan, sai dai yawancin mutanen ko masu bin dambe ba su riƙe sunayensu ba. Shi ma Joshua, bayan ya ci zinare a wasannin Olamfik na Landan a 2012, haka aka dinga lallaɓa shi har ya ɗauki kambu a wasansa na 16, a Afrilun 2016, hannun Charles Martin wanda bai wuce turmi biyu ba.

Mutanen da ba haka suke ba. Muhammadu Ali an ci shi sau biyar, ya kara da Joe Frazier sau uku, da Ken Norton sau uku, kuma ba wanda ya rage masa daraja. Dick Tiger na Najeriya an ci shi sau 19 a rayuwarsa, wasanninsa huɗu na farko a Ingila duka ya faɗi, amma ya zama zakaran duniya a 1962, ya kuma kare kambunsa gaban jama'arsa a Ibadan a 1963. Da a yau ne, da wuya wani kamfani ya sake kallonsa bayan faɗuwa ta biyu.

Gari ɗaya, sarki huɗu

A ƙwallon ƙafa akwai hukuma guda, akwai jadawali. Real Madrid ba ta da ikon cewa bana ba ta son haɗuwa da Barcelona. Damben zamani ba shi da wannan. Manyan ƙungiyoyi huɗu ne ke raba kambu: WBA, WBC, IBF da WBO, kowace da nata zakaran duniya a kowane ajin nauyi. Kowace kuma tana yankar kasonta, wajen uku cikin ɗari, daga kuɗin ɗan dambe duk lokacin da aka yi wasa kan kambunta. Kun ga ke nan yawan kambu riba ne gare su. Mutum zai iya shekara biyar ana kiransa zakaran duniya bai taɓa haɗuwa da sauran zakarun duniya uku ba.

Ƙungiyoyin suna da dokar da ke tilasta wa mai kambu ya kara da wanda ke kan layi. Amma dokar tana da ƙofar baya. Ana iya biyan na kan layi kuɗi ya matsa gefe ya jira. In kuma abin ya ƙi, a saki kambun. A Disamban 1992 Riddick Bowe ya tara ƴan jarida a Landan ya jefa kambun WBC cikin kwandon shara, maimakon ya kara da Lennox Lewis. Har suka aje dambe ba su haɗu ba a matsayin ƙwararru.

Sai kuma gidajen tele. Manyan masu shirya wasa ba su da yawa: Eddie Hearn na kamfanin Matchroom da Frank Warren na Queensberry a Ingila, Bob Arum na Top Rank da Al Haymon na PBC a Amurka. Kowane yana da gidan tele da ya ƙulla da shi, ya yi masa alƙawarin manyan yaransa. In ƴan dambe biyu suna ɗaki daban, kafin a kai ga naushi sai an yi wata da watanni ana ja: wace tasha za ta nuna, a wace ƙasa, wa zai ɗauki kaso mai tsoka, sunan wa zai zo farko a jikin takarda, wa zai shigo fage daga ƙarshe, in an ci wane dole ne a sake ko ba dole ba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya kashe magana. Mai shirya wasa kuma ya fi son haɗa yaransa biyu, don ko wa ya ci, kambu na gida, kuɗi na gida.

Yadda aka ɓarar da damben Joshua da Wilder

A 2018 komai ya nuna. Joshua na riƙe da kambu uku na ajin masu nauyi, Wilder na riƙe da na huɗun, na WBC. Ba a taɓa cin ko ɗayansu ba. Wanda ya ci zai zama sarki shi kaɗai. Ɓangaren Wilder ya sanar da tayin dalar Amurka miliyan 50 ga Joshua. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta nan gida ba. Ɓangaren Joshua ya ce shi a Ingila yake son wasan, ya kawo nasa tayin. Aka yi ta jifan juna da magana a jaridu, kowa na cewa ɗan uwansa ke gudu. A ƙarƙashin maganar kuwa, Joshua na tare da Hearn da tashoshin Sky da DAZN, Wilder na tare da Haymon da tashar Showtime. Kowane ɓangare na ganin in aka ƙara jira, tukunyar za ta ƙara cika.

Ana cikin jiran ne aka kai Joshua New York don a gabatar da shi ga kasuwar Amurka. Wanda aka zaɓa masa, Jarrell Miller, aka kama shi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari, sai aka ɗauko Andy Ruiz, wani mai tumbi da kowa ya raina. Ranar 1 ga watan Yunin 2019 Ruiz ya kai Joshua ƙasa sau huɗu, aka tsai da wasa a turmi na bakwai. Sifiri ya tafi. Shi ma Wilder, Fury ya lallasa shi a Fabrairun 2020, ya kuma maimaita a Oktoban 2021.

Duk da haka an sake samun dama. A ranar 23 ga Disamban 2023 aka haɗa su biyun a dare ɗaya a Riyad, kowa da nasa abokin karawa, da niyyar in sun ci su haɗu a farkon 2024. Wato ko a nan sai da aka ce a ƙara cin kasuwa ɗaya tukuna. Joshua ya ci nasa. Wilder kuwa Joseph Parker ya bi shi da duka turmi goma sha biyu. Magana ta mutu.

Da Fury ma haka. An kusa gama shirin haɗa shi da Joshua a Saudiyya a Agustan 2021, sai mai sasanci a Amurka ya yanke cewa kwantiragin Fury ya tilasta masa karawa ta uku da Wilder. Kafin a waiwayo, Oleksandr Usyk na Ukraine ya ƙwace kambunan Joshua a Satumban wannan shekara.

Mi ya sa masu shirya wasa ba su daddara ba? Saboda akwai lokacin da jira ya biya su. Tun 2009 ake neman Floyd Mayweather da Manny Pacquiao su haɗu, ba su haɗu ba sai 2 ga Mayun 2015, ɗaya na da shekara 38, ɗaya 36. Wasan bai yi armashi ba, Pacquiao ma daga baya ya ce da ciwon kafaɗa ya shiga. Amma gidaje sama da miliyan huɗu a Amurka suka biya kusan dalar Amurka ɗari kowane, wajen jika sittin ke nan, don su kalla a tele. Ƴan kallo sun yi ƙorafi, ƴan kasuwa sun ƙirga kuɗi. Darasin da suka ɗauka shi ne a bar abu ya daɗe kan wuta. Sun manta ba kowane nama ke jure dahuwa ba.

Da kuɗin Riyad suka shigo

Abin da ya girgiza wannan tsari shi ne shigowar Saudiyya. Turki Alalshikh, shugaban hukumar nishaɗi ta ƙasar, ya zo da kuɗin da suka fi ƙarfin gardamar kamfanoni. Hearn da Warren, da suka yi shekaru ba sa ga maciji, sai ga su tebur ɗaya. Ranar 18 ga Mayun 2024 Usyk ya ci Fury a Riyad, ya haɗa kambu huɗu. Rabon da a ga sarki ɗaya tilo a ajin masu nauyi tun Lennox Lewis a 1999, shekara 25 ke nan.

Wannan ya nuna dama can ba tsoro ne ya hana ba, farashi ne. Sai dai kada a yi saurin guɗa. Dattawa za su tuna damben Ali da George Foreman a Kinshasa, 30 ga Oktoban 1974. Don King ne ya shirya, aka yi wa kowane alƙawarin dalar Amurka miliyan biyar, Mobutu kuma ya buɗe ƙofa don a wanke sunan mulkinsa a idon duniya. An yi wasa na tarihi, amma ba a gina damben Zaire da shi ba. Duk wasan da ya dogara da aljihun mutum ɗaya, ranar da mai aljihun ya gaji ko ya sauya sha'awa, an koma gidan jiya.

Kuma kuɗin da ke haɗa tsara da tsara, su ne dai ke haɗa waɗanda bai kamata a haɗa ba. Francis Ngannou na Kamaru gwarzo ne a wasan da ake haɗa naushi da shuri da kokowa, amma bai taɓa damben zamani na ƙwararru ba aka sa shi gaban Fury a Oktoban 2023. Ya ba da mamaki, har ya kai Fury ƙasa. A Maris ɗin 2024, Joshua ya sumar da shi a turmi na biyu. Mike Tyson yana da shekara 58 aka fito da shi gaban Jake Paul a Nuwamban 2024, don kawai tashar Netflix ta tara masu kallo. Ma'auni ɗaya ne a duka: nawa za a samu.

A yi wa masu lallaɓawa adalci

Ba duk taka-tsantsan ne ha'inci ba. Yaro ɗan shekara 19 in ka jefa shi gaban ƙasurgumi, ko dai ka kashe masa zuciya ko ka illata masa ƙwaƙwalwa. Dukan kai ba ya gogewa, taruwa yake yi, sai an girma jiki ya faɗa. Mai horarwa na kirki dole ya hau da yaronsa tsani mataki-mataki. Ɗan damben da kansa yana da haƙƙin ya duba gobensa, don shekarun cin kasuwarsa ba su fi goma ba, kuma ba shi da fansho. Inda abin ke ɓaci shi ne lokacin da yaro ya riga ya isa, ana kiransa zakara, ana karɓar kuɗin mutane da sunan zakara, amma ana ci gaba da zagaye da shi. Nan lallaɓawa ta daina kare ɗan dambe, ta koma kare jarin mai gida.

Amurka ta gane haka har ta yi doka a shekarar 2000, mai ɗauke da sunan Muhammadu Ali. Dokar ta raba tsakanin mai kula da ɗan dambe da mai shirya wasa, don kada mutum ɗaya ya zama shi ne mai saye shi ne dillalin mai sayarwa. Ta kuma wajabta wa mai shirya wasa ya bayyana wa ɗan dambe abin da ya samu daga wasan. Sai da aka ga tsofaffin zakaru da yawa sun ƙare hannu wofi kafin a yi ta. Bahaushe ya daɗe da faɗa: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mu dawo gida

Damben gargajiya ya taso ne kan wani tsari daban. Wasan mahauta ne tun asali, wasan kaka, in an kai hatsi rumbu. Ana naɗe hannu ɗaya da zare, a yi turmi uku, duk wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. Abin lura shi ne, a dambenmu kisa ba ya kashe sana'a. A kashe ka yau, ka rama jibi. Ba wanda ke yawo da sifiri. Abin da ke ɗaga mutum shi ne wa ya tsaya gabansa. Muhammadu Bawa Ɗan Anace bai sa sunan Shago da Ɗandunawa ya kai yau don sun iya kauce wa maza ba. Makaɗi ma wani irin matsi ne: in kalangu ya kira sunanka gaban jama'a, abokin gaba ya fito ya miƙa hannu, ka noƙe, gari duka ya gani.

A gidajen dambe na yanzu, irin na Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja, da na Kano, Sakkwato da Legas, an kasa ƴan wasa ɓangare-ɓangare: Kudu, Arewa da Guramada. Mai gida na samu ne daga kuɗin ƙofa, ɗan dambe kuma daga sallamar mai gida da karin da masoya ke yi masa a fili. Wannan tsari ya fi son a yi wasa kullum, a kuma haɗa waɗanda jama'a ke son gani, don in ba manya a fili gobe ƙofa ba kowa. Ta nan ya fi na Turawa.

Amma kada mu yabi kanmu da yawa. Ciwonmu kishiyar nasu ne. Su suna ɓoye ɗan dambe har ya tsufa, mu muna murje shi har ya ƙare. A gargajiyance ba a auna nauyi. Wanda ya suma jiya yana iya sa zare gobe, don in bai sa ba ba abinci. A wurare da dama ba likita a bakin fili, ba takarda tsakanin yaro da mai gida, in muƙamuƙi ya goce sai dai ƴan ɓangarensu su yi karo-karo. Kuma ko a nan akwai zagaye-zagaye: babban ɗan wasa kan ce ba zai sa zare da wane ba sai an sa mota ko babur, ubangida kan hana shagonsa fitowa in ya ga ranar ba tasa ba ce.

Yanzu ga kyamara ta shigo. Tun 2017 tashar Dambe Warriors ke sa wasanni a YouTube, mutane daga ƙasashen da ba su san Hausa ba suna kallo. Kamfanin African Warriors Fighting Championship, wanda Maxwell Kalu ya kafa, ya kai dambe tashar DAZN a 2025, ita dai wannan tasha da ke nuna Joshua. Kamfanonin caca ta intanet ma sun hango kasuwa. Alheri ne in kuɗin suka kai hannun masu shan bugun, suka kuma zo da likita da ma'auni. Amma inda duk aka fara sayar da sunan mutum ɗaya ga baƙin kallo, za a fara ƙirga masa sifiri, za a fara zaɓa masa wanda zai iya. Kowane kamfani zai ɗaure nasa yara da kwantiragi, ya naɗa nasa sarkin dambe. In ba a yi hattara ba, nan da ƴan shekaru za mu ga sarakunan dambe uku da ba sa haɗuwa. Inda kuma caca ta yi yawa, farashin faɗuwa da gangan na iya fin ladan ci.

Darasin takobi

Mu a Nijar muna da wani abu a hannu wanda ya kamata mu san darajarsa. Gasar takobi ta kokowa, tun da aka fara ta a Tawa a 1975 Kantu na Maraɗi ya ɗauka, ba a ba zakara damar zaɓen abokin karawa. Ƴan kokowa 80 ne, goma daga kowace jaha cikin takwas, kowace jaha sai ta haɗu da kowace, wanda ƙuri'a ta ba ka shi za ka kama. Ka sha ƙasa sau ɗaya, ka fita daga neman takobi. Kadri Abdu, Isaka Isaka na jaharmu ta Doso, ya ɗauki takobi sau shida, na shidan a Agadas a ƙarshen 2023, kuma kowace shekara daga farkon layi yake farawa kamar kowa. Da aka kawo gasar Doso a shekarar da ta biyo, filin Salma Ɗan Rani, takobin ya bar hannunsa. Ba wanda ya ɓoye shi, shi ya sa ba mai gardama kan shidan da ya ci.

Ku kwatanta da Senegal, inda kokowa mai haɗe da naushi ke hannun ƴan kasuwa masu shirya wasa. Can babban ɗan kokowa na iya karɓar sama da miliyan ɗari na sefa a karawa ɗaya, abin da namu ba su gani ba. Amma wasa ɗaya yake yi a shekara, wani lokaci shekara ta wuce bai taka fili ba don ba a daidaita kan kuɗi ba. Yekini ya yi shekara 15 ba a kayar da shi ba kafin Balla Gaye 2 ya kayar da shi a Afrilun 2012, amma in ka ƙirga karawar da ya yi a shekarun, ba su kai abin da ɗan kokowarmu ke yi a gasar takobi huɗu ba. Su sun samu kuɗi sun rasa yawan wasa, mu mun samu wasa kuɗin ne kaɗan.

Takobin ma yana da nasa rauni. Tun da faɗuwa ɗaya ke fitar da mutum, kuma kyautar na ƙaruwa, kusan kowace shekara sai an ji raɗe-raɗin wane ya kwanta wa wane, ko mai kuɗin wata jaha ya janye ɗan kokowar wata. Ko raɗe-raɗin kaɗai ɓarna ne, don ranar da ɗan kallo ya daina yarda da abin da idonsa ya gani, ba zai sake rufe shagonsa ya zauna gaban tele ba.

Abin da ya rage gare mu

Na farko, ga yaranmu da ke sa zare a Najeriya da iyayensu. Kada a sa hannu ko a dangwala yatsa kan takardar da ba a karanta ba. A nemi wanda ya iya Turanci, wanda ba yaron mai gida ba, ya fassara. A tambayi shekara nawa ce, nawa ne kuɗin kowane wasa, wa ke biyan magani, an hana ka wasa a wani gida ko ba a hana ba, bidiyonka na wa ne. Wanda ya suma a fili ya huta, ya ga likita, ko da an sa mota.

Na biyu, ga ƴan uwa na waje masu aiko da kuɗi a shirya kokowa ko dambe a gida lokacin kaka da bukukuwan Sallah. Allah ya saka da alheri. Amma wanda ya sa kyauta kada ya zama shi ke haɗa wasa, balle in yaron gidansu na ciki. A bar wa ƙuri'a da tsofaffin ƴan wasa. A ware wani abu don ma'aikacin lafiya ya zauna bakin fili, a kuma ba wanda aka kayar ladansa, don da shi aka yi wasan.

Na uku, ga hukumomin wasanni da magadan gari. Kambu ɗaya, sarki ɗaya, doka ɗaya. Duk kamfanin da zai shigo da kuɗi a yi masa maraba, amma ya tarar da doka a ƙasa. Nijar ba baƙuwar damben zamani ba ce: lambar Olamfik ta farko da ƙasar nan ta samu, Isaka Dabore ne ya kawo ta da naushi daga Munich a 1972. In za mu farfaɗo da wannan, mu ɗauki likitansu da ma'auninsu da takardarsu, mu bar musu sarakunansu huɗu.

Na ƙarshe, mu ƴan kallo. Mu ne ke sayen sifirin. Muddin muna yi wa wanda aka kashe sau ɗaya ihu, muna ɗaga wanda bai taɓa haɗuwa da tsaransa ba, to mu ke koya wa masu gida su ɓoye yaransu. In an ce maka wane ba a taɓa kashe shi ba, ka tambaya: da wa da wa ya yi?

Muna jiran ra'ayoyinku, musamman tsofaffin ƴan dambe da ƴan kokowa na ƙasar Arewa, da waɗanda ke gidajen dambe a Najeriya yanzu haka. Ku aiko da saƙon murya, za mu sa a shirin wasanni. Allah ya tsare mana yaranmu a duk inda suke, ya maido su gida lafiya.